Jinin Mutum Na Iya Taimakon Haƙoransa: Sabuwar Dabarar Mai Da Ƙashin Da Ciwon Dasashi Ya Cinye

A garuruwanmu da ƙauyukanmu, idan haƙoran mutum suka soma girgiɗi yana da shekara 45 ko 50, abin da akan ce shi ne girma ya zo. Shi kansa mai haƙoran yakan haƙura, ya koma tauna da gefe guda, ya bar rake da gyaɗa da ƙashin miya, har ran da haƙorin zai fita da kansa ko a cire masa. Amma likitocin haƙori sun daɗe suna cewa shekaru kaɗai ba sa tumɓuke haƙori. Akwai tsofaffi masu shekara 80 da haƙoransu cif. Ban da ruɓewa, babban abin da ke zubar da haƙoran manya shi ne ciwon dasashi, wanda yake cin ƙashin da ke riƙe da haƙori a ɓoye, shekara da shekaru, sau da yawa ba tare da wani zafi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a 2022, ta ƙiyasta cewa mutum fiye da biliyan 1 ne suke fama da ciwon dasashi mai tsanani, watau kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutanen duniya. Da wuya a sami gidan da ba shi da wanda abin ya shafa.

A dā, likita yakan iya tsai da ciwon, amma ƙashin da ya riga ya tafi ya tafi ke nan. Cikin shekara 40 da suka shige masana sun yi ta neman hanyar da za su sa ƙashin ya sāke tsirowa. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake magana a kansu yanzu ita ce a ɗebi jinin marar lafiyan, a tace shi, a cusa abin da aka tace a gurbin da ƙashin ya bari. Ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake, da abin da zai iya yi, da kuma iyakarsa, domin kada a sayar masa da gaibu.

Yadda ƙashin yake zaizayewa

Haƙori kamar itace yake. Abin da muke gani a baki shi ne gindi da kai, saiwar kuwa tana binne cikin ƙashin muƙamuƙi, tsawonta yawanci tsakanin milimita 12 zuwa 17. Tsakanin saiwa da ƙashi akwai dubban 'yan ƙananan zaruruwa da suka ɗaure su tare, dasashi kuma ya lulluɓe su kamar yadda ciyawa take rufe ƙasa.

Kowace rana wata dauɗa mai yauƙi takan taru a inda haƙori ya haɗu da dasashi. Cike take da ƙwayoyin cuta. Idan ba a goge ta ba, sai gishirin da ke cikin miyau ya ƙanƙarar da ita ta zama kamar dutse, mai ruwan ɗorawa ko baƙi. An fi ganinta a bayan haƙoran gaba na ƙasa. Da zarar ta ƙanƙare, ba buroshi ko asuwakin da zai iya ɓamɓare ta. Dasashi sai ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa zub da jini in an taɓa shi. A wannan mataki ƙashi yana nan lafiya, in an wanke haƙoran sosai kome zai koma daidai.

In aka ƙyale, sai dasashin ya soma rabuwa da haƙori, wani aljihu ya buɗe a tsakaninsu. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayoyin cuta sukan tare a aljihun nan, inda buroshi ba ya kai. Jiki yakan aiko da mayaƙansa su yi yaƙi da su, amma yaƙin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa yakan lalata filin dāgā. Zaruruwan su tsintsinke, ƙashin ya riƙa narkewa kaɗan kaɗan. Likita yakan auna zurfin aljihun da wani siririn ƙarfe mai zane-zanen awo. Milimita 1 zuwa 3 lafiya ke nan. Daga 4 zuwa sama akwai ciwo, 6 zuwa sama kuwa ya yi nisa.

Ƙashin yakan tafi ta hanya biyu, bambancin kuma yana da muhimmanci ga abin da za mu faɗa nan gaba. Wani lokaci yakan sauka bai ɗaya kewaye da haƙora da yawa, kamar gonar da ruwa ya share samanta duka. Wani lokaci kuwa sai ya zama rami mai zurfi a gefen saiwa guda, da bangon ƙashi kewaye da shi ta gefe biyu ko uku, kamar ramin da zaizaya ta haƙa a gindin itace.

Abin da ya sa ba ya komowa da kansa

Ƙashin hannu in ya karye yakan haɗe. To, me ya hana na haƙori? Dalili na fari shi ne wurin ba ya rabuwa da miyau da abinci da ƙwayoyin cuta. Na biyu kuma tsere ne. Bayan likita ya share ramin, fatar dasashi tana tsirowa da sauri ƙwarai, ƙashi da zaruruwa kuwa masu nawa ne. Kafin su yunƙura, fatar ta riga ta gangara ta bi jikin saiwar ta cika wurin. Ciwo ya warke, amma ƙashi bai sami wurin tsayawa ba.

A 1982 waɗansu likitoci, Sture Nyman da Jan Lindhe na Suwidin da abokin aikinsu Thorkild Karring, suka nuna a jikin ɗan adam cewa in aka sa wani siririn tantani ya zama shamaki tsakanin dasashi da saiwa, za a tare fatar har masu nawan su sami sarari. Daga baya aka ƙaro waɗansu dabaru: garin ƙashi da ake cika ramin da shi, wanda akan samo daga jikin mutumin ko daga ƙashin shanu da aka sarrafa, da wani magani mai suna Emdogain da aka ƙirƙiro a Suwidin, wanda ake haɗawa daga haƙoran 'yan aladu da ba su gama tsirowa ba. Waɗannan duka suna aiki, sai dai tsada gare su, ga ƙasashe irin namu kuma da kuɗin waje ake sayo su. Shi ya sa hankali ya koma kan abin da kowane marar lafiya yake zuwa asibiti da shi a jikinsa.

Ƙananan ma'aikatan da ke cikin jini

Kowa ya san cewa in ya yanke da wuƙa, bayan ɗan lokaci jinin yakan tsaya. Masu wannan aiki waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne da ɓargo yake ƙerawa, za mu kira su ƙwayoyin tsai da jini. Wani likitan Italiya, Giulio Bizzozero, shi ne ya bayyana aikinsu a 1882. A ɗigon jini da bai wuce girman ƙwayar acca ba akwai tsakanin 150,000 zuwa 450,000, kowace kuma takan yi kwana 7 zuwa 10 kafin a sāke ta da wata.

Sa'ad da jijiya ta tsage, sai su ruga su manne a bakin ciwon. Wani sinadari mai suna fibirin ya saƙa raga a kansu, ragar ta kama jajayen ƙwayoyi, gudan jini ya toshe ƙofar. An daɗe ana zaton iyakar aikinsu ke nan. Sai a 1974 Russell Ross da abokan aikinsa a Jami'ar Washinton da ke birnin Siyatil a Amurka suka gano cewa ƙwayoyin nan suna ɗauke da wani sinadari da ke sa sauran ƙwayoyin jiki su hayayyafa. Daga baya aka gano ire-irensa da dama. Wani yana kiran masu saƙa nama, wani yana sa sababbin hanyoyin jini su tsiro, wani yana zuga masu ginin ƙashi. Ashe mai toshe ɓaraka shi ne kuma mai shelar gayya. Tambayar da likitoci suka yi wa kansu ita ce, in aka tara masu shelar nan da yawa a rami guda, ko gayyar za ta fi cika?

Daga Mayami zuwa Nis

A 1998 wani likitan tiyatar baki da muƙamuƙi a Jami'ar Mayami, Robert Marx, ya buga sakamakon aikin da ya yi wa mutum 88 waɗanda aka sāke gina musu muƙamuƙi da dashen ƙashi. Waɗanda aka gauraya dashensu da ruwan jini mai yawan ƙwayoyin tsai da jini, ƙashinsu ya fi saurin nuna, ya kuma fi cika: kashi 74 cikin 100, sauran kuwa kashi 55. Wannan haɗi shi ne ake kira PRP a taƙaice. A 1999 Eduardo Anitua na birnin Bitoriya a Sifen ya fito da nasa salon.

PRP yana da wahalar haɗawa. Sai an sa wa jinin maganin hana daskarewa, a juya shi a inji sau biyu, sa'an nan a ƙara masa wani sinadari domin ya daskare, wanda a lokacin daga jinin shanu ake samo shi, an kuwa sami rahoton mutanen da jikinsu ya ƙi shi. Har wa yau, PRP yakan saki yawancin abin da ke cikinsa nan da nan, alhali ginin ƙashi aikin watanni ne.

A 2001 wani likita a birnin Nis na Faransa, Joseph Choukroun, da abokan aikinsa suka sauƙaƙa abin. Suka ce a ɗebi jinin tsurarsa, kada a sa masa kome, a juya shi sau ɗaya, a bar shi ya daskare da kansa. Abin da ya fito shi ake kira PRF. Maimakon ruwa, sai aka sami wani curi mai danƙo wanda za a iya ɗauka da hantsaki, a yanka, har a ɗinka. Ragar fibirin da ke cikinsa takan riƙe ƙwayoyin tsai da jini da fararen ƙwayoyi, ta riƙa sakin sinadaran a hankali har mako guda ko fiye. Wannan salon ne ya fi bazuwa a wurin likitocin dasashi, gama ba ya bukatar kome sai allura da kwalabe masu tsabta da ɗan ƙaramin inji.

Yadda ake yin aikin

Ba da tiyata ake farawa ba. Da fari likita zai kankare dauɗar da ta ƙanƙare, sama da ƙarƙashin dasashi, ya koya wa mutum yadda zai riƙa wanke bakinsa, sa'an nan ya ba shi makonni ya ga yadda dasashin zai lafa. Aljihuna da yawa sukan rufe da wannan kaɗai. Wanda ya rage da zurfi, hoton ƙashi kuma ya nuna rami a gindinsa, shi ne ake yi wa aiki.

Ran aikin akan yi allurar kashe zafi a dasashi, mutum yana farke. Likita ya ɗaga dasashin a hankali kamar murfi, ya share ruɓaɓɓen naman da ke cikin ramin, ya kankare saiwar ta yi sumul. Sai a ɗebi jini daga hannu, kwalba 2 zuwa 4 ko fiye gwargwadon girman ramin, kowace wajen mililita 10, watau cokalin shayi biyu. Tilas a sa kwalaben cikin injin nan take, gama jinin yakan soma daskarewa da ya taɓa kwalba. Injin yakan wulwula su wajen sau 2,700 zuwa 3,000 a minti guda, har minti 10 zuwa 12.

Macen da ta taɓa tace gasara ta san yadda mai nauyi yake kwantawa a ƙasa, ruwa ya tsaya a sama. Haka injin yake yi, sai dai da gaggawa. Jajayen ƙwayoyi su koma gindin kwalba, tsararon ruwa ya hau sama, a tsakiya kuma a sami curin nan mai ruwan ɗorawa. Likita ya zaro shi, ya cusa wani a ramin, ya matse wani ya zama tantani ya rufe bakin ramin da shi. Wani lokaci akan gauraya shi da garin ƙashi. Sai a mai da dasashi a ɗinke. Cikin mako 2 zuwa 3 curin ya narke, jiki ya ci gaba da ginin. Ba a sanin sakamako sai bayan wata 6 zuwa 12, sa'ad da za a sāke awo da hoto.

Abin da bincike ya nuna

An gwada dabarar nan a wurare da yawa, musamman a Indiya, inda likitoci irin su A. R. Pradeep na kwalejin haƙori ta gwamnati a Bangalo suka yi ta buga sakamakonsu tun daga 2011. A 2018 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen likitoci ta auna ingancinsu, ta duba gwaji 38 da aka yi a kan mutum 1,402. Ta ga cewa in aka ƙara tataccen jinin a kan tiyatar share rami, aljihu yakan ƙara raguwa, haƙori ya ƙara samun riƙo da wajen milimita 1 zuwa 1 da rabi, ramin kuma ya fi cika a hoto. Amma ta ja kunne cewa hujjar ba ta da ƙarfi, domin gwaje-gwajen ƙanana ne, ba a kuma tsara da yawansu yadda ya kamata ba. Inda aka riga aka sa tantanin shamaki ko Emdogain, ba ta ga isasshiyar hujjar cewa ƙarin jinin ya kawo wani bambanci ba. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin dasashi ta Turai ta fitar a 2020 su ma tantanin shamaki da Emdogain suka sa a gaba.

Milimita 1 da rabi ba ta kai kaurin ƙwayar dawa ba, mai karatu zai iya raina ta. Amma ga haƙorin da rabin saiwarsa ya riga ya fito fili, wannan ɗan ƙari zai iya zama bambancin a riƙe shi shekaru ko a cire. Duk da haka ba a mai da ƙashi yadda yake a ƙuruciya. Ko ramin da ya cika a hoto ma ba lalle ne zaruruwan da ke ɗaure saiwa sun komo duka ba. Wanda ya yi maka alkawarin sabon ƙashi cif da cif, yi hattara da shi.

Wa aikin zai yi wa amfani?

A nan ne bambancin da muka ambata ya shigo. Magini ya san cewa siminti yana tsayawa a ramin da ke da bango, in aka zuba shi a fili kuwa sai ya malale. Rami mai zurfi, matsattse, mai bango uku, shi ya fi karɓar wannan aiki. Ƙashin da ya sauka bai ɗaya kewaye da haƙora ba a iya tā da shi ta wannan hanya. Haƙorin da ke lilo sosai shi ma da wuya.

Halin mutumin yana da nasa tasiri. Taba tana ƙuntata hanyoyin jinin dasashi, tana ɓoye zubar jinin da zai faɗakar da mai shanta, tana kuma hana ciwo warkewa. Ciwon sukari da ba a sarrafa ba yana hura wutar ciwon dasashi, ciwon dasashi kuma yana wahalar da saukar sukari, don haka tare ake bi da su. Mai ƙarancin ƙwayoyin tsai da jini, da mai sikila, da mai shan maganin tsinka jini, da mace mai ciki, da mai jinyar kansa, duka su gaya wa likita halin da suke ciki kafin a taɓa su. Wanda kuma ba zai riƙa wanke bakinsa da kyau bayan aikin ba, ya yi asarar kuɗinsa da jininsa, gama ƙwayoyin da suka ci ƙashin farko za su ci na biyu.

Tun da jinin na mutumin ne, ba fargabar ɗaukar cuta daga jinin wani, ba kuma maganar jiki ya ƙi shi. Amma wannan amincin ya dogara ga tsabtar kayan aiki. A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mata 3 da suka kamu da cutar ƙanjamau a wani shagon gyaran fuska marar lasisi a jihar Niyu Meziko, inda ake yi wa mata allurar PRP da kayan da ba a tsabtace ba. An rufe shagon tun 2018. Aikin da ya shafi jini da allura, wurinsa asibiti, a hannun likita mai rajista.

Abin da ke hannunmu

Tiyatar dasashi aikin ƙwararru ne, ba kowane asibitin haƙori ne yake yin ta ba. Wanda haƙorinsa ya soma motsi ya nemi sashen haƙori na babban asibiti ko asibitin koyarwa, irin na Jos, Kano, Zariya, Maiduguri ko Sakkwato, ya roƙa a auna masa aljihunan dasashi a ɗauki hoto. In an ce za a yi aiki, ya tambaya wane irin rami ne gare shi, me za a sa a ciki, nawa ne kuɗin, me kuma ake sa ran samu. Likitan kirki ba ya jin haushin tambaya.

Akwai wata magana da ta hana mutane da yawa zuwa, wai wankin haƙori a asibiti yana sa haƙora su saki, su yi giɓi. Gaskiyar ita ce dauɗar da ta ƙanƙare ce ta cika gurbin da ƙashi ya bari, tana riƙe da haƙoran kamar busasshen taɓo. Cire ta yakan tona ɓarnar da ta riga ta faru, barinta kuwa yakan ƙara ɓarnar.

Sauran kuma sananne ne. A goge haƙora sau biyu a rana, musamman kafin a kwanta, da buroshi mai taushi da man goge baki, a bi bakin dasashi a hankali. Asuwaki yana da amfani in an iya shi, sai dai ba ya shiga tsakanin haƙora, nan sai zaren sakace ko ɗan ƙaramin buroshin da aka yi domin wurin. A bar dirzar dasashi da gawayi ko toka. A je a duba baki ko sau ɗaya a shekara, ko ba a jin ciwo.

'Yan'uwa masu karatu, dasashi mai lafiya ba ya zub da jini. In kun ga ja a kan buroshi ko asuwaki, ko a jikin raken da kuka sha, ko warin baki ya ƙi tafiya, ko haƙoran wani naku sun soma tsawo suna buɗewa, lokacin zuwa asibiti ke nan. A wannan mataki wanki kaɗai yakan isa, kuɗinsa kuma kaɗan ne in an gwada da na tiyata. Inji da tataccen jini suna iya ceto milimita 1 ko 2 daga abin da ya salwanta, sauran ƙashin kuwa mai shi ne zai tsare shi tun yana nan.